Allurar da aka ce sai cikin kwana uku

Na yi aure, na haifi 'yata ta fari har na yaye ta, ba wanda ya taɓa gaya mini rukunin jinina. Abin da na sani shi ne ni AA ce, maigidana AS, don wannan gwajin kam iyaye ba su bar mu mun tsallake shi ba. Sikila ta shiga gidaje da yawa, ta farkar da mutane. Shi ya sa idan ka tambayi mace rukunin jininta, sau da yawa sai ta ce maka AA, alhali wannan wata tambaya ce dabam. Rukunin jini shi ne A, B, AB ko O, kuma a gefen kowanne akwai 'yar alama, ta tarawa ko ta ɗebewa, wadda ma'aikatan asibiti ke kira fozitif ko negatif. Wannan 'yar alamar ce ta sa maigidana ya yi ta zagayen kantunan magani a Kano da kula a bayan babur, a makon da na yi ɓari.

Cikin yana da sati 14 lokacin da jini ya ɓalle mini cikin dare. Kafin gari ya waye muna asibiti. Aka yi hoto, aka ce cikin ya riga ya fita, amma akwai saura a mahaifa, kuma muddin yana nan jinin ba zai tsaya ba. Aka ɗebi jinina don a ga yawan abin da na zubar, a kuma san rukuninsa ko da za a buƙaci ƙari. Sannan aka shiga da ni aka yi wankin ciki, da wata babbar sirinji mai zuƙo abin da ya rage. Bai ɗauki lokaci ba, amma da ciwo, ko da an yi allurar kashe zafi. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Matan da aka yi wa sun sani, waɗanda ba a yi wa ba kuwa Allah ya tsare su.

Ina kwance ana ƙara mini ruwa, sai wata likita ta shigo da takarda a hannu. Maigidana yana tsaye a bakin ƙofa, ya riga ya naɗe hannun riga, yana cewa idan jini ake nema a ɗebi nasa. Ta tambaye shi rukuninsa, shi ma bai sani ba. Ta ce, "Alhaji, je ka ɗakin gwaji a duba naka, amma ba don a ƙara mata ba. Matarka O negatif ce. Idan kai fozitif ne, jininka shi ne abu na ƙarshe da zan bari ya shiga jikinta." Ya dawo da takardarsa: B fozitif.

Daga baya na karanta cewa da irin wannan kyakkyawar niyyar ta miji aka fara gano matsalar. A 1939 wasu likitoci biyu a Amurka, Philip Levine da Rufus Stetson, suka ba da labarin wata mata da ta haifi ɗa ba rai, aka ƙara mata jinin mijinta, dukkansu rukunin O, sai jikinta ya ƙi jinin, ta shiga mawuyacin hali. Suka fahimci akwai wani abu da ɗan ya gado daga uban, wanda jikin uwar ya riga ya ɗauka a matsayin abokin gaba tun tana ɗauke da cikin. Shekara guda bayan haka Karl Landsteiner da Alexander Wiener suka wallafa gwajin da suka yi da jinin wani irin biri da ake kira resus, kuma daga nan sunan Rh, da ake kiran wannan 'yar alamar ta fozitif ko negatif da shi, ya fito.

Likitar ta ja kujera ta zauna, abin da ban saba gani ba. Ta yi mini tambayoyi uku. Ciki na nawa ne wannan? Na biyu. A ina na haifi ta farin? A wani ƙaramin asibiti na unguwa. An yi mini wata allura ta musamman bayan haihuwar, wadda aka ce saboda jinina ne? Na ce ban tuna an yi mini komai ba bayan allurar tsayar da jini. Ta ɗan yi shiru, sannan ta yi mini bayani, kuma ga shi kamar yadda na riƙe.

A jikin jajayen ƙwayoyin jinin yawancin mutane akwai wani sinadari da ake kira D. Mai shi shi ne fozitif, wanda ba shi da shi negatif. Rashinsa ba ciwo ba ne, mutum zai iya tsufa bai san ba shi da shi ba. Matsalar tana tasowa ne idan mace negatif ta ɗauki cikin ɗa fozitif, wanda ya gado daga ubansa. A ƙa'ida jinin uwa da na ɗa ba sa gauraya, mabiyiya ce ke tsakaninsu. Amma a wasu lokuta jinin ɗan yakan tsallaka: wajen haihuwa, wajen ɓari, idan an yi zubar jini ana cikin goyon ciki, idan mace ta faɗi ko an buge ta a ciki, ko an juya kwanciyar ɗa da hannu. Ko jinin da bai kai cikin cokalin shayi ba ma ya wadatar. Jikin uwar kamar maigadi ne mai riƙe fuska: ranar farko da ya ga baƙon ba ya yi masa komai, amma ya haddace shi, kuma duk ranar da ya sake ganinsa da sanda zai tarbe shi. Shi ya sa ɗan fari yakan fito lafiya lau. Na gaba ne garkuwar jikin uwar ke tsallaka mabiyiya ta riƙa farfasa masa jini tun yana ciki. Wani a haife shi da shawara mai tsanani a ranar farko ko ta biyu, a sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, ko a yi masa canjin jini. Idan shawarar ta hau ƙwaƙwalwa takan bar kurumta ko nakasa. Wani kuma jinin ya ƙare masa, zuciyarsa ta gaza, ya kumbura da ruwa, ya mutu a ciki.

Na tambaye ta ko wannan ne ya zubar mini da cikin. Ta ce a'a. Wannan matsalar ba ta cika taɓa ciki a watannin farko ba, ɓarnarta a can gaba take. Ɓarina yana da nasa dalilin, kuma sau da yawa ba a gane shi. Abin da ya dame ta ba cikin da ya tafi ba ne, wanda zai zo ne.

Maganin allura ce guda, anti-D, wasu na ce mata RhoGAM. Aikinta ta kawar da ƙwayoyin jinin ɗan da suka shiga jikin uwa tun jikin bai kai ga haddace su ba. Sharaɗinta shi ne lokaci: cikin awa 72. Ta ce idan an makara akan yi ta har zuwa kwana 10 da fatan a dace, amma kada mu dogara da wannan. Kuma lissafin ba daga lokacin da aka yi wankin ciki yake farawa ba, ita daga daren da jinin ya ɓalle ta ƙirga mana.

Kafin nan sai da aka sake ɗibar jinina don wani gwaji da ake kira Coombs, wanda ke nuna ko jikina ya riga ya kafa garkuwar tun daga haihuwar farko. Idan ya riga ya kafa, allurar ba ta da sauran amfani, ba ta goge abin da jiki ya haddace. Dole ne kuma a ɗebi jinin kafin a yi allurar, don ita kanta allurar tana sa gwajin ya nuna alama har tsawon makonni, sai a kasa bambance ta da ta jikin mutum. Likitar ta ce ba za mu zauna jiran sakamako ba, a fita neman allurar yanzu.

A nan ne wahalar ta fara. Ɗakin magani na asibitin ba su da ita. Na yi mamaki, amma da na ji dalilin sai na ga abin yana da hujja, ko da bai yi mini daɗi ba. A cikin Turawa kusan mutum 15 cikin 100 negatif ne, don haka a wurinsu wannan allura ce ta yau da kullum. A wurinmu kuwa abin bai wuce wajen mutum 5 cikin 100 ba. Ga tsada, ga ranar lalacewa, ga shi ba ta zama sai a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Mai kanti zai yi tunani sau biyu kafin ya sa kuɗinsa a kayan da zai iya yin watanni ba a tambaya ba, a garin da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Amma mutum 5 cikin 100, a gari mai yawan haihuwa irin Kano, mata ne masu yawan gaske.

Wata sista mai shekaru ce ta ja maigidana gefe ta karanta masa sharuɗɗa. Ya tafi da kula da ƙanƙara. Kada ya yarda a ɗauko masa ita daga kan kanta ko cikin durowa, sai ya ga an buɗe firiji da idonsa, ya kuma taɓa ya ji da sanyi. Ya duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC a jikin kwalin. Ya naɗe ta da tsumma don kada ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye, saboda idan ta daskare ta lalace kamar yadda zafi ke lalata ta. Ya yi ta yawo. Wani kantin ba su taɓa jin sunanta ba, wani ya ce a ba shi kuɗi zai sa a kawo nan da sati. Wani ya fito masa da ita daga firijin da maigidana ya ce da ka taɓa shi ka san ya daɗe bai ga wuta ba, ya bar musu kayarsu. A ƙarshe ya samu a wani babban kanti mai sola. Kuɗin dubun-dubatar naira ne, ya fi abin da muka biya na wankin cikin da gado da magunguna a haɗe.

Ana cikin haka surukata ta iso da kunu da farfesu. Ta yi mini sannu, ta ce Allah ya ba da rayayye. Da ta ji kuɗin da aka kashe, da kuma cewa allurar ba ciwon da za ta warkar mini, sai ta kira ɗanta waje. Ina jiyo su. Ta ce, "Kai dai ka tabbata ba allurar tsarin iyali za su yi mata ba. Yarinya ta yi ɓari, ba ta da zazzaɓi, jini ya tsaya, allurar mece ce kuma mai wannan tsada? Mu da muka haifi tara wa ya yi mana?" Ya ce, "Hajiya, ai wannan ta neman haihuwar ce, ba ta hana ta ba." Ban ga laifinta ba. Ana ce maka ka biya kuɗi mai yawa, yau ɗin nan, saboda ɗan da ba a ma ɗauki cikinsa ba, kuma idan allurar ta yi aiki ba abin da za ka gani. Sistar nan ce ta shawo kanta, da tambaya ɗaya: ko Hajiya ta san wata mace da ɗanta na fari ya rayu, sauran kuma suka yi ta zuwa suna komawa, jikinsu rawaya? Hajiya ta yi shiru, ta ce ta san biyu.

Mu ma a ɗakin akwai ta uku. A gadon da ke kusa da nawa wata baiwar Allah ce daga ƙauye, wadda aka kawo ɗa ya mutu a cikinta yana wata bakwai. Da dare muka yi hira. Na farinta namiji yana nan, har ya fara zuwa gona. Ta biyu ta zo da shawara, aka yi ta ba ta jiƙo, ta rasu kafin suna. Tun daga nan ba ta sake jin kukan jariri ba. A garinsu wabi ake ce mata, an yi rubutu, an yi turare, har an ce idan ta sake haihuwa a sa wa ɗan Ajuji ko mutuwa za ta raina shi ta ƙyale. Sai a wannan zuwan aka gaya mata ita negatif ce, kuma gwajinta ya nuna jikin ya daɗe da kafa garkuwar. Ba kowace wabi ce wannan ke damunta ba, akwai sikila, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai cututtuka da dama. Amma tata wannan ce, kuma allura ɗaya bayan haihuwar farko da wataƙila ta canza labarin. Irinta yanzu sai dai sa ido sosai a babban asibiti, a riƙa hoto akai-akai, a ciro ɗan da wuri idan ya fara galabaita. Akwai ma ƙarin jini da ake yi wa ɗa tun yana ciki, wanda wani likita William Liley ya fara yi a New Zealand a 1963, amma ina matar ƙauye za ta same shi?

Aka yi mini allurar a dantse, maikirogiram 300. Likitar ta ce da cikin ƙarami ne sosai da ƙaramin awo ya isa, amma babban shi aka fi samu a kasuwa, kuma shi ya dace da nawa. Aka ce in zauna a gabansu na kamar minti ashirin ko jikina zai ƙi ta. Ban ji komai ba sai ɗan tsami a wurin. Sistar ta rubuta ranar da lambar kwalin a katina, ta ce in adana shi kamar takardar fili.

Sakamakon Coombs ya fito babu komai. Haihuwar farko ba ta taɓa ni ba. Likitar ta ce ba abin mamaki ba ne: idan ba a yi allurar ba, kusan mace 16 cikin 100 ne jikinsu ke kafa garkuwar bayan haihuwar ɗa fozitif. Allurar bayan haihuwa tana saukar da wannan zuwa 1 ko 2 cikin 100, idan aka haɗa da wadda ake yi ana cikin goyon ciki kuwa sai ya koma ƙasa da haka sosai. Ta ƙara da cewa wataƙila rukunina na O ya taimaka. Idan 'yata B ce kamar ubanta, jikina zai farfasa ƙwayoyinta da suka shigo nan take saboda saɓanin O da B, tun bai lura da D ɗin ba. Da muka gwada yarinyar daga baya, B fozitif ce.

A kwanakin da nake gida ina wankan ruwan zafi, na nemi sanin dalilin tsadar. Ashe asalinta daga ruwan jinin mutane ake tace ta, mutanen da jikinsu ke ɗauke da wannan garkuwar. A shekarun 1960 aka samar da ita, wasu likitoci a Liverpool ta Ingila, wasu a New York. Na Amurkan a jikin fursunoni maza na gidan yarin Sing Sing da suka ba da kansu suka fara gwada ta, aka amince da ita a 1968. A Ostareliya akwai wani mutum, James Harrison, da ya ba da jininsa sau fiye da 1,100 don wannan aikin, bai daina ba sai da ya kai shekara 81, ya rasu a 2025. Na gaya wa Hajiya wannan, ta ce to shi wannan ai sadaka mai gudana ya yi.

Akwai wani abu da ya rikita ni bayan wasu 'yan watanni. Wata ƙawata, ita ma negatif, ta yi ɓari cikin yana sati 8, likitanta ya ce ba sai an yi mata allurar ba. Na tayar mata da hankali, na ce ta canza asibiti. Ashe yana da madogara. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 kan kula da matan da ciki ya fita ko aka cire musu, ta ce idan cikin bai kai sati 12 ba ba a buƙatar anti-D, ko da magani aka yi amfani ko da wanki, domin jinin ɗan a lokacin bai kai yawan da zai tayar da garkuwar uwa ba. Daga sati 12 zuwa sama kuwa ana yi. Har yanzu akwai likitocin da ke yi tun kafin nan, musamman idan ciki ne a bayan mahaifa aka yi tiyata. Ni abin da ke damuna da wannan iyakar shi ne, mata nawa ne a cikinmu suka san satin cikinsu? Da wata muke lissafi, wata ma tana shayarwa cikin ya shiga, ba ta ga al'ada ba balle ta ƙirga. Wadda ta ce wata biyu ne, hoto ya nuna wata uku da rabi, ba baƙon abu ba ne. Don haka hoton ne ya kamata ya yanke hukunci, ba ƙiyasi ba.

Kuma jini bai san ta yadda ciki ya fita ba. Ko ɓari ne, ko likitoci ne suka cire don ceton ran uwa, wanda shi kaɗai doka ta yarda da shi a nan, ko yarinya ce ta sha ƙwaya a ɓoye ta kwana tana murƙususu ba wanda ya sani, hanyar tsallakawar ɗaya ce. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ba ni tausayi. Ba za ta je asibiti ba sai in abin ya ƙazanta, ba wanda zai duba rukuninta, kwana ukun su wuce. Bayan shekaru ta yi aure, ɗanta na fari a idon duniya ya zo da shawara, ba ta da bakin gaya wa likita cewa ba shi ne cikin farko ba. Matan aure ma da yawa a kemis ake gama musu ɓari, da allurar tsayar da jini da ƙwayoyin ƙarin jini, ba a taɓa tambayar alamar da ke gefen rukuninsu ba.

Da na sake samun ciki na fara awo da wuri, da katina a hannu. Wasu suna zaton allurar sau ɗaya ake yi a rayuwa, alhali ƙarfinta ba ya wuce kamar wata uku a jiki, kowane ciki da tasa. Aka yi Coombs a farkon awo, aka maimaita a sati 28, duka babu komai, aka yi mini allurar a satin. Ta bayan haihuwa kuwa maigidana ya ce ba zai sake yawon neman ta da rana tsaka ba. Tun ina wata tara ya sayo, aka rubuta sunana a kwalin, aka ajiye a firijin ɗakin haihuwa.

Na haifi namiji. Aka ɗebi jini daga cibiyarsa aka kai gwaji, don allurar ba ta zama dole sai in ɗan fozitif ne. Sakamako ya dawo: O negatif, irin nawa. Ashe maigidana yana ɗauke da gadon negatif ɗin a ɓoye, kuma irin wannan uban kowane ciki rabi da rabi ne. Ga allura a firiji, ba mai buƙata, kuma kanti ba ya karɓar kayan sanyi idan sun fita. Sistar da ke aiki a ranar ta ce akwai wata a ɗakin da ta haihu jiya, negatif ce, ɗanta fozitif, mijin ya tafi neman kuɗi tun safe bai dawo ba. Maigidana ya tsaya yana kallon rasit ɗin, ya ce shi da ya san yaron nan gidan uwarsa zai bi da ya ƙara kuɗin a kan ragon suna. Sannan ya ce a goge sunana a ba ta.